Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malamanmu na jami'a a kan maganar "Malam a ɗaga min maki"

Assalamu alaikum malamanmu, Farfesoshi da Daktoci da ƙananan lakcarori, musamman ku na nan Jos da kewaye. Ina gaisuwa da girmamawa, ya aiki, ya sanyin garin namu.

Ni tsohon ɗalibinku ne, kuma shekara uku na yi ina kilas raf tun daga aji biyu har muka fita, wato ni ne mai tattara asaimen in kai ofis, ni ne mai yawo da takardar sa hannu ranar tes, ni ake kira ƙarfe goma na dare a ce ka sanar da 'yan ajinku gobe akwai lakca ƙarfe bakwai. Saboda haka na zauna a ofisoshinku fiye da yawancin ɗalibai, na ga abin da ke faruwa a 'yan makonnin nan da ake gama jarrabawa ana makin, da kuma ranar da aka manna rizal a allo mutane suka yi cincirindo kowa yana bin lambarsa da yatsa. Abin da na gani a lokacin shi ne yake ta cina a rai har yau, kuma yanzu da ƙanwata ta shiga irin layin da na taɓa gani sai na ga gara in faɗa muku kai tsaye.

Na san irin mutanen da ke tsayawa a ƙofarku. Akwai wanda duk samista bai leƙo aji ba sai ranar jarrabawa, yanzu ya zo yana rantse-rantse wai kakarsa ce ba lafiya. Akwai mai kuka, akwai mai turo saƙon WhatsApp ƙarfe biyun dare da dogon bayani, akwai wanda shi ba zai zo ba ma sam, kawunsa ne zai bugo waya a yi gaisuwa a tambayi iyali sannan a ce af, akwai yaron wajenmu a ajinka. Na kuma san nauyin da ke kanku, mutum ɗaya ya yi makin takarda ɗari huɗu ko ɗari biyar na kwas ɗin GST, irin wanda ake haɗa ɗaliban sassa daban-daban, da hannunsa, wani lokacin da fitilar waya saboda ba wuta, ga wa'adin da aka ba shi na miƙa sakamako, ga nasa matsalolin na gida. Ban manta da yajin aikin ƙungiyarku ta ASUU na 2022 ba, daga Fabrairu har Oktoba wata takwas cur, aka riƙe muku albashi, da aka dawo kuma aka matse samista aka ce a gama komai a gurguje. Duk wanda ya ga wannan ba zai yi mamaki ba in malami ya gaji da jin kalmar "a taimaka". Amma gajiyar nan ce take sa kuna haɗa kowa da kowa a kwando ɗaya, kuma a nan ne ake zaluntar wasu ba tare da an yi niyya ba.

Bari in fara da kaina don kar a ce ina magana ne kamar wanda bai taɓa roƙo ba. Na roƙa. A samistar ƙarshe CGPA ɗina, wato matsakaicin makin duk karatuna, ya tsaya a 3.48, kuma kun fi ni sanin cewa matakin digiri na 2:1 daga 3.50 yake farawa. Na zauna na yi lissafi a bayan littafi, jimillar yunit ɗina 150, makin da na tara 522, ina buƙatar 525. Akwai wani kwas mai yunit uku da na samu 59, wato C, maki uku a kowane yunit, in da 60 ne ya zama B mai maki huɗu, sau uku kenan an ƙara min uku cif, na haye. Maki ɗaya tal tsakanina da takardar da kusan duk tallar aikin banki ko na kamfani ko tallafin karatun waje ake cewa sai mai ita. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan gaɓar ba zai ce maki ɗaya mene ne, wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Na je wajen Doktan da ya ɗauki kwas ɗin, dattijo ne, ya san ni sosai saboda ni nake kai masa komai. Na durƙusa na gaishe shi na ce ranka ya daɗe wata alfarma na zo nema. Bai kore ni ba. Ya ce in zauna, ya miƙe ya sauko da ƙunshin takardunmu daga saman kabad, an ɗaure su da igiyar leda duk sun yi ƙura, ya kwance ya dinga bi ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan lambata. Ya ɗauko takardar da ya rubuta amsoshin da yake nema ya ajiye kusa da tawa, muka bi tambaya ta ɗaya har ta huɗu, yana nuna min da bakin biro inda na samu da inda na zuba surutu ba tare da na taɓo abin da aka tambaya ba. Ya ɗauki kalkuleta ya sake haɗawa a gabana, 41 a jarrabawa, 18 a CA wato makin tes da asaimen, 59. Sai ya cire gilashinsa ya ce min, ɗana, ku shida ne masu 59 a ajin nan, biyar ɗin ba su san hanyar ofishina ba kamar yadda ka sani, in na ɗaga maka kai kaɗai me zan ce musu ranar da za a tambaye ni. Ya ce in da kwamitin dipatmen zai zauna ya yanke cewa duk mai 59 a mayar da shi 60, shi ba zai ƙi ba, amma a ofis tsakaninsa da ni ba zai taɓa ba.

Na fita raina a ɓace, ba zan ɓoye ba, na kai wata biyu ko gaishe shi ba na son yi. Da 2:2 na fita kuma ta rufe min ƙofofi, akwai aikin da ko fom ɗinsa intanet bai bari na ƙarasa cikewa ba da na zaɓi matakin digirina. Amma yau in aka ce in lissafo malaman da nake yi wa addu'a, shi ne a gaba, saboda na fita daga ofishinsa na san makina nawa ne kuma na san dalili, ba wanda ya ci min haƙƙi, kuma ya ba ni minti ashirin na lokacinsa alhali yana da ikon ya ce min fita tun daga bakin ƙofa.

To ga ɗaya labarin, wanda shi ne ainihin abin da ya sa ni wannan rubutun.

Akwai abokina a ajin, ya girme mu, ya makara wajen shiga jami'a saboda sai da ya tara kuɗi. Tun asuba yake tafiya kasuwar Farin Gada yana taya masu kayan gwari sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji a cikin sanyin nan da kuka sani na Disamba, ya samu na keke da na abinci sannan ya wanke hannu ya taho lakca, sau da yawa a baya yake zama saboda yana jin kunyar warin kasuwa a jikinsa. A samistar ƙarshe aka manna rizal ya ga F a wani kwas na dole, 31. Da muka bincika wajen kodineta, malamin da ke kula da harkokin ajinmu, sai muka ga 31 ɗin duk na jarrabawa ne, gurbin CA ɗinsa fayau ba komai. Alhali ya rubuta tes ɗin nan, ni na zaga da takardar sa hannu, sunansa na nan da lambarsa da sa hannunsa, kuma Allah ya sa ina da ɗabi'ar yin hoton kowace takarda kafin in miƙa. Ko 10 cikin 30 ya samu a tes ɗin ya wuce 40.

Ya je ofishin malamin sau uku. Na farko an ce masa ya dawo. Na biyu yana cewa Malam a kan rizal ɗina ne, malamin ko ɗago kai bai yi ba ya ce ba na sauraron maganar maki, fita ka ja min ƙofa. Na uku tare muka je da kwafin takardar a hannuna, na yi sallama na ce Malam ba roƙo muka zo ba, CA ɗinsa ne ba a shigar ba ga shaida, ya ce sakamako ya riga ya bar hannunsa, kowa haka yake cewa, mu je mu bi ta inda doka ta ce. Muka tambayi ina ne dokar ta ce, babu wanda ya ba mu amsa ɗaya, wannan ya ce a rubuta wa HOD wato shugaban sashe, wancan ya ce ai sai jami'in jarrabawa, wani ya ce sai malamin da kansa ya cike fom ɗin gyara, shi kuwa ya ce ba ruwansa. Kafin mu gama zagaye an kai sakamako gaba an amince da shi. Bawan Allah nan ya maimaita shekara guda saboda kwas ɗaya, ya sake biyan kuɗin makaranta, ya sake biyan haya, kuma a cikin shekarar nan ya haura talatin, da ya gama sai takardar yafe bautar ƙasa aka ba shi, alawus ɗin NYSC na wata goma sha biyu da ya ci buri zai ja jari da shi ya tafi kenan. Kwafin takardar sa hannun nan har yau yana cikin fayil ɗina.

Malamin nan fa ba mugu ba ne a sanina, ba ya karɓar kuɗi, yana shiga aji a kan lokaci, kuma na tabbata a ransa gani yake yana kare mutuncin aikinsa ne. Abin da ya kasa rabewa shi ne mai cewa a ƙara min abin da ban samu ba daban, mai cewa a duba min an manta da abin da na samu daban. Na farko alfarma yake nema, kuna da cikakken iko ku ce a'a, ni ma ina goyon bayan ku ce a'a. Na biyu haƙƙinsa yake bi, kuma kuskure a wajen haɗa maki ba abin kunya ba ne ga mutumin da ya yi makin ɗaruruwan takardu, ana tsallake shafi, ana rubuta makin wani a layin wani musamman in sunaye sun yi kama, Muhammad nawa ne a aji ɗaya, ana shigar da lamba a kwamfuta a juya 63 ta koma 36. Duk wanda ya taɓa aiki da lambobi ya san haka na faruwa.

Abin da ya fi min ciwo kuma shi ne a wannan samistar dai, a wani kwas ɗin daban, na san wanda 36 ɗinsa ta koma 45 bayan an bugo waya daga wani babban ofis. Ban ji a bakin kowa ba, na ga takardar farko na ga ta biyu. Mai uwa a gindin murhu dama ba ya cin tuwo gaya, mun sani, amma ku duba wa ake bari da gayan. Tausayin da ake yi a ɓoye a cikin ofis kullum wajen mai hanya yake zuwa, ɗan abokin aiki, ƙanwar matar wane, wanda ya iya magana, wanda ya iya kuka. Yarinyar da ta taho daga ƙauye wadda ko kallon idon malami ba ta iya yi, ita ba za ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba, da 39 ɗinta za ta koma ɗaki ta yi kukanta ta sake rijistar kwas ɗin. In kun ɗaga wa wanda ya zo kun bar wadda ba ta zo ba, kun auna musu da mudu biyu kenan, kuma ko a masallaci ko a coci babu inda ba a yi mana wa'azi a kan mudu biyu ba.

Sannan ku tuna a Jos muke. Garin nan kun san abin da ya gani, kun san yadda ƙaramar magana take girma. Duk makin da aka canza a ɓoye sai ya fito, ɗalibai sun fi ku sanin sakamakon junansu, kuma in ya fito ba za a ce malam ya ji tausayi ba, cewa za a yi ai ɗan addininsu ne, ai ɗan yarensu ne. Na sha jin wannan a bakin Musulmi na sha ji a bakin Kirista, a wajen mai shayi da cikin keke, wani lokacin ma ƙarya ce tsagwaronta aka yi wa malamin kirki, amma da yake komai a rufe ake yi ba shi da abin da zai nuna ya wanke kansa. Yaro ya faɗi jarrabawa da hannunsa ya koma unguwa yana cewa an kayar da shi ne saboda sunansa, iyayensa su yarda, ƙannensa su taso da wannan a zuciya. Da an buɗe masa takardarsa ya ga jan biro a inda ya yi shirme da bakinsa ya mutu.

Ba na son in daɗe a kan ɓangaren da ya fi muni, na kuɗi da na neman 'yan mata, don na san yawancinku kuna ƙyamarsa kamar yadda nake ƙyamarsa, ba a taru an zama ɗaya ba. Amma kowa ya tuna farfesan nan na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar, kotu ta ɗaure shi shekara biyu a ƙarshen 2018 saboda neman ɗalibarsa da lalata a kan maki, da binciken ɓoye da BBC ta fitar a 2019 a kan wasu malamai a Legas da Ghana. Irin waɗannan ta ƙofar "zo ki same ni a ofis mu ga abin da za a yi" suke shiga. Muddin maki abu ne da ake iya sasantawa tsakanin mutum biyu a ɗaki, mai mugun nufi ya samu abin ciniki, kuma ku masu gaskiya ku ne kuke kwasar zargin.

Abin da nake roƙonku ba wani abu ne mai tsada ba. Ku manna makin CA a allo ko ku tura a guruf ɗin aji tun kafin a shiga jarrabawa, ku ba da mako guda duk wanda bai ga nasa ba ya zo da shaida, da an yi haka abokina da bai rasa shekararsa ba, domin da tun a lokacin za a gano. Wasunku suna yi, na sani, kuma su ne ba a cika ganin layi a ƙofarsu ba. In rizal ya fito kuma ku ware rana ɗaya ko biyu, ƙofa a buɗe, da wani malamin ko kodineta a zaune, duk mai ƙorafi ya zo a buɗe takardarsa a sake haɗawa a gabansa, in kuskure ne a cike fom a gyara ta hanyar dipatmen kowa ya sa hannu, in ba kuskure a ce masa ka gani da idonka, Allah ya ba da sa'a a gaba. Na san akwai tsarin neman a sake makin takarda a hukumance, wanda ɗalibi zai rubuta ya biya kuɗi a kai wa wani malamin daban ya duba, amma ku faɗi gaskiya ɗalibai nawa ne suka san da shi, kuma nawa ne za su iya bi ba tare da tsoron cewa malamin zai riƙe su a zuciya ya haɗu da su a kwas na gaba ko a furojet ba. Ku da kanku ya kamata ku faɗa a aji ranar farko cewa ga hanyar, kuma wanda ya bi ta ba abokin gabarku ba ne.

Maganar masu 39 da 44 da 49 da 59 da 69 kuma, in za a ɗaga a ɗaga wa kowa a zaman kwamiti, da lambobi ba da sunaye ba, a rubuta a ajiye. In ba za a ɗaga ba kar a ɗaga wa kowa, ko ɗan shugaban jami'a ne. Ni da aka hana ni maki ɗaya zan iya rayuwa da kowanne daga cikin biyun. Kuma don Allah manyanmu Farfesoshi da shugabannin sassa, ku daina tura wa ƙananan lakcarori 'yar takarda da lambar ɗalibi a jiki, yaro ya fara aiki jiya, ƙarin girmansa da karatun digirinsa na uku duk suna hannunku, ta yaya zai ce muku a'a. Na taɓa ganin wani matashin malami ya riƙe irin wannan takardar ya yi shiru ya fi minti biyar yana kallon taga, ni ina tsaye da asaimen a hannu ya ma manta ina wurin.

'Yan uwana ɗalibai da za su karanta wannan, ku ma kuna da naku, wanda bai yi karatu ba ya daina ɓata wa masu ƙorafin gaskiya hanya, yawan roƙonku ne ya sa malamai suka toshe kunne. Ku riƙe shaidar duk tes da asaimen da kuka yi, ku ɗauki hoton takardar sa hannu da waya, ba ya cin komai.

Ƙanwata tana aji uku yanzu, makon jiya ta dawo gida da magariba ta zauna ko hijabi ba ta cire ba ta ce min Yaya ba a saka min CA ba a kwas ɗaya, kuma an ce malamin ba ya son a zo masa da maganar maki. Na zaunar da ita muka rubuta takarda zuwa ga HOD ta hannun kodineta, muka haɗa da hoton takardar sa hannu, na ce ta yi kwafi biyu a buga mata hatimin karɓa a ɗaya ta riƙe. Wani abokina ya ce ai ya san wanda ya san malamin, a bari ya yi masa magana, na ce a'a a bar shi. Ranar Litinin za ta kai takardar. Duk wanda ta faɗo a teburinsa a cikinku, ina roƙonsa ya sauko da ƙunshin nan daga saman kabad ya duba kafin ya ba ta amsa.

Wassalam, naku,
Tsohon kilas raf, daga Jos.